Kaskon mota

A cikin aljihun teburin da nake gyaran takardun ɗalibai akwai wani guntun wayar lantarki baƙi, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, da kai mai haƙora uku, biyu masu faɗi, ɗaya zagayayye. Ya fi shekara goma a nan, tare da matattun alƙaluma da tsoffin makullai. Uwargida ta sha yunƙurin jefar da shi, ni kuwa in hana. Da farko ban san dalilin da ya sa nake hanawa ba. Sai da na yi tafiyar dubban kilomita kafin in san abin da na ajiye.

A 2014 na sayi motata ta farko, Toyota Corolla tsohuwar hannu, daga cikin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano a koro su zuwa Maraɗi. Takardunta sun nuna daga Kanada ta fito. Ranar da na shiga da ita harabar makaranta, ɗalibai suka kewaye ta, sai wani mai kaifin ido ya hango wannan waya tana leƙowa daga hancin motar kamar harshen akuya. Nan take labari ya bazu cewa motar Mushe da kuran take tafiya, dare ya yi sai a cusa ta a bango kamar salula. Na yi dariya tare da su, amma a zuci na ji kunya, domin malami ne ni, an tambaye ni, kuma ban da amsa.

Na kai ta wajen bakanikenmu, mutum mai hannu, wanda ya shekara talatin cikin baƙin mai. Ya buɗe, ya bi wayar da yatsa har inda ta nutse a gangar jikin injin, ya girgiza kai, ya ce: “Mushe, tarkacen Nasara ne. Ba ta kai wuta, ba ta kawo wuta.” Ya sa almakashi ya datse ta, ya miƙo mini. A wannan zaman kuma ya cire termosta, wato ƴar bawul ɗin da ke tsare ruwa cikin inji har ya yi zafi, kamar yadda bakanikai da yawa suke yi wa motocin da suka zo daga ƙasashen sanyi. A ganinsa, duk abin da aka sa domin riƙe zafi abokin gaba ne a garin da rana ke kai digiri 45 a watan Afrilu. Na biya shi, na yi godiya, na sa guntun wayar a aljihu.

Bayan shekara huɗu autanmu ya tafi karatu Kanada, a jami'ar Sen-Bonifas, unguwar masu jin Faransanci da ke gabashin Jan Kogi a birnin Winifeg na lardin Manitoba. Ya gama, ya samu aikin dare, ya yi aure, matarsa ta bi shi. A ƙarshen 2022 haihuwar fari ta ƙarato. Inna ba ta iya doguwar tafiya, saboda haka aka ce ni babban wa in je in tsaya a madadin gida, tun da hutun ƙarshen shekara ya zo daidai.

Mu a nan muna da kalmomin sanyi: ɗari, hunturu, jaura, muku-muku. Mun san safiyar da yara ke zuwa aji da kaushi a ƙafa da leɓe a tsage, mun ji labarin Bilma inda sanyi yakan taɓa sifiri. Amma abin da na tarar a Winifeg ba shi da suna a bakinmu. Da na fito daga filin jirgi, numfashin farko ya daskarar da gashin hancina. A watan Janairu, daren da ya tsaya a digiri 20 ƙasa da sifiri dare ne na yau da kullum, kuma a Disamba na 1879 an taɓa auna 47.8 ƙasa da sifiri a garin. Muna tafe cikin motar Auta, ina kallon gefen hanya, sai gabana ya faɗi. Kusan kowace mota da ke tsaye tana da harshen akuyar nan a hanci. Wasu an ja musu doguwar waya daga cikin gida ta bisa ƙanƙara. A filayen ajiye motoci kuwa an kakkafa turaku a jere, kowane da piriz ɗinsa, motoci a ɗaure kamar dawaki a bargar sarki.

Na ce: “Auta, mene ne wannan?”

Ya ce: “Yaya, abin ɗumama inji ne. Nan suna ce masa chauffe-moteur.”

Na ce: “To, ina naka?”

Ya yi murmushin da na sani tun yana yaro, na wanda bai yi aikin gida ba. Motar daga Bankuba aka kawo ta, can bakin tekun yamma inda sanyi bai cika tsanani ba, shi ya sa ba a taɓa sa mata ba, shi ya sa kuma ya same ta da araha. Ya ce ya yi niyya, amma hidimar haihuwa ta cinye kuɗin, kuma ai har yanzu tana tashi.

Matarsa ta sauka lafiya, aka samu ƴa mace. Ranar da za a sallamo su daga asibiti muka fito da sassafe, ma'auni na nuna 31 ƙasa da sifiri. Auta ya murɗa makulli. Injin ya yi gurnani sau biyu kamar tsohon raƙumi, ya yi shiru. Ya sake, sai ƙas-ƙas kawai. Na dubi fuskarsa, na ga abin da bai taɓa faɗa mana a waya ba. A garin nan mota ba kayan ado ba ce. Da ita yake zuwa aiki ƙarfe goma na dare, in ta ƙi tashi sau biyu ko uku, aikin ne zai tafi, kuma daga wannan aikin ake biyan haya, daga shi ake aika wa Inna kuɗin magani. Ga jaririya ƴar kwana biyu tana jira. A Maraɗi da tuni yaran unguwa sun taru sun tura. A nan titi wayam, ba kowa sai hayaƙin da ke fita daga bakinmu.

Wani dattijo maƙwabcinsa ne ya hango mu ta taga. Ya fito da wayoyin aron wuta, ja da baƙi, ya matso da motarsa, ya haɗa batir da batir, muka jira kamar minti goma. Da ƙyar injin ya kama, yana kakkarwa yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Dattijon ya saurara, ya ce wa Auta: “Yarona, ka ji wannan ƙarar? Ƙarfe ne ke cin ƙarfe, mai bai iso ba tukuna. Yau na ba ka aron wuta, amma ba ni da injin da zan ba ka aro.” Muka ɗauko mai jego da jaririya. Da maraice ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya zauna, ya karanta mana darasin da ni malami na ɗauka a rubuce.

Ga abin da na fahimta. Sanyi yana kai wa inji hari ta fuska uku a lokaci guda. Na ɗaya, man inji yakan yi kauri kamar zumar da ta kwana a randa, ya ƙi gudu cikin ƙananan hanyoyinsa, sassan inji su yi ta gogar juna a bushe kafin ya kai gare su. Don haka a can suke zuba mai marar kauri, irin su 5W-30 ko 0W-20, mu kuwa mun saba da mai kauri kamar 20W-50. Na biyu, batir yakan rasa babban kaso na ƙarfinsa, daidai lokacin da ake bukatar ya juya inji mai nauyi. Shi ya sa ma a digiri 18 ƙasa da sifiri ake gwada ƙarfin tayarwar da ake rubutawa a jikin batir. Na uku, fetur ba ya saurin zama tururi cikin sanyi, sai ya ƙi kamawa, gazuwal kuwa yakan yi kitse ya toshe matata. Ruwan da ke zagaya injin shi ma ba tsurar ruwa ba ne, rabi da rabi ne da maganin hana daskarewa, wanda ke jurewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifiri. Da tsurar ruwa ne, da ya zama ƙanƙara ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya tsaga ƙarfen.

Maganin kuwa mai sauƙi ne: kada a bar injin ya yi sanyin da zai gagara. Amma abin ɗumamawar iri-iri ne, kuma a nan zaɓi yake. Washegari muka je gareji da dattijon, mai garejin ya jera mana su bisa tebur.

Akwai na maganaɗisu, wanda ake mannawa a kwanon mai na ƙarƙashin inji. Shi ya fi araha, kuma shi Auta ya fara miƙa wa hannu. Mai garejin ya ce ya duba tukuna: in kwanon na alminiyam ne ba zai kama ba, in ma ya kama, mai kaɗai yake ɗumamawa, kuma mantuwa ɗaya ta isa ya faɗi a hanya. Akwai na faifan roba da ake liƙawa da gam a kwanon, mai kyau ne a matsayin mataimaki. Akwai wanda ake yanka tiyon radiyata na ƙasa a saka a tsakiya, ruwan da ya yi zafi ya hau sama da kansa, mai sanyi ya sauko. Wannan sai an sa shi a tsaye daidai yake aiki. Akwai busasshe, kamar ɗan ƙaramin sanda, da ake zurawa cikin ramin da masu ƙera injin suka tanada, ba ya taɓa ruwa. Da na ga wannan na gane shi, irinsa ne ke kwance cikin Corolla tawa har yau, babu waya. Akwai bargon lantarki da ake naɗe batir da shi. Akwai kuma masu ƙona man motar kanta, irin na Webasto da Eberspächer, waɗanda ba su bukatar bango, amma kuɗinsu ya ninka na sauran sau da yawa. Manyan motoci da masu kwana a daji su suka fi amfani da su.

Wanda ya dace da tsohon injin Auta shi ne mai nutsewa cikin ruwan injin, mai ƙarfin wat 400. Mai garejin bai zaɓe shi da ka ba, sai da ya duba lambar injin a littafinsa, domin kowane inji da faɗin raminsa da wurin da ya kamata a sa. Ya ce ƙaramar mota wat 400 zuwa 600 sun ishe ta, babbar mai gazuwal ce ke neman 1000 ko fiye. Auta ya lissafa abin da ke aljihunsa, ya yi shiru. Na fito da guzurin da na ɓoye domin tsarabar gida, na ajiye bisa teburin. Ya ce: “Haba Yaya.” Na ce: “Rufe bakinka, tsarabar Inna ce na saya.”

Na roƙi izinin tsayawa in ga aikin. Mai garejin ya bari injin ya huce sarai, ya tsiyaye ruwan cikin mazubi mai tsabta. A gefen gangar injin akwai wasu ƴan faya-fayan ƙarfe da suka toshe ramuka. Mutane da yawa suna zaton an yi su ne domin su fice in ruwa ya daskare, amma sunansu na Faransanci, pastilles de dessablage, ya tona asalinsu: ta ramukan ake zazzage yashin da aka yi zubin ƙarfen a kansa. Ya doki gefen ɗaya da kurfi har ya juya, ya zaro shi da filaya, yana kaffa-kaffa kada ya faɗa ciki. Ya goge bakin ramin tas, ya jiƙa zoben robar, ya zura abin ɗumamawar yana juya shi zuwa fuskar da takarda ta ce, domin kada ƙarfen da ke zafi ya taɓa bangon ciki ya ƙone. Ya ɗaure kusar daidai wa daida, ya ce wanda ya matse ta fiye da kima shi ke dawowa da yoyo. Sa'an nan ya bi da wayar nesa da bututun hayaƙi, nesa da fanka da bel, yana ɗaure ta gaɓa-gaɓa, har ta leƙo ta hanci. Ya mayar da ruwa, ya tada injin har iskar da ta maƙale ta fita. Ya ce wannan shi ne matakin da masu gaggawa ke tsallakewa: in aka ba abin wuta alhali ba ya cikin ruwa, nan da nan yake ƙonewa. Daga ƙarshe ya ɗora ma'auni a haƙoran wayar, allura ta tsaya a om 36. Ya ce lissafi ya fita, wat 400 a kan bolt 120. Na tuna namu lantarkin 220 ne. Da ɗalibaina sun cusa motata a bango kamar yadda suka yi ta zolaya, da abin bai daɗe ba.

Dattijon ya ƙara mana ladubban amfani. In sanyi ya kai 15 ƙasa da sifiri, a haɗa. Awa biyu zuwa huɗu kafin tafiya sun isa. Abin da ya wuce haka ɗumama sararin Allah ne. Awa huɗu kilowat-awa 1.6 ne, kwana guda na awa goma sha biyu kuwa 4.8, don haka ɗan agogon da ke kunna wuta da kansa yakan biya kuɗinsa. A yi amfani da waya mai kauri wadda aka yi domin waje, a riƙa duba ta, domin tsagaggiyar waya ita ke tada gobara. Kuma a rataya ta bisa madubin direba, saboda babu ɗan Manitoba da bai taɓa tafiya yana jan wayarsa a titi kamar wutsiya ba.

A hanyar komawa muka bi ta gaban babban cocin Sen-Bonifas, inda kabarin Louis Riel yake, wanda aka rataye a 1885. Da dattijon ya ji ni malamin Faransanci da Hausa ne, sai ya ba ni labarin ƙuruciyarsa. A 1916 lardin ya hana koyarwa da Faransanci a makarantun gwamnati, kuma sai a 1970 aka mayar masa da cikakken matsayinsa. Ya ce suna yara, in an ce mai duba makarantu na tafe, sai malama ta yi ishara, kowa ya tura littafin Faransanci ƙarƙashin tebur. Na yi shiru ina jin abin kamar almara. Harshen da aka rataya wa iyayenmu da yayyenmu sambol a wuya dominsa, in sun kuskura sun yi Hausa a farfajiyar lakwal, shi ne a nan yara ke ɓoyewa kamar kayan sata. Na gaya masa, ya tsaya cak cikin ƙanƙara yana kallona. Ya ce shi ya sa ba ya yarda jikokinsa su kira abin nan da sunan Ingilishi. Ya ce harshen da ba ya iya shiga gareji, a coci da maƙabarta zai ƙare.

Daren nan muka kira Inna. Ta ga jikarta, ta yi addu'a, sa'an nan ta tambayi abin da ya hana mu ɗauko su da wuri. Auta ya fara bayani, ya maƙale, ya miƙo mini wayar, wai ni ne malamin Hausa. Na gyara murya na ce mun sa wa motar maɗumamin inji mai aiki da lantarki. Ta ce: “Me?” Na sake da na'urar hana inji daskarewa. Ta ce ba ta gane ba. Sai na bar fassara na ba ta labari: mota ce ke kwana a waje, sanyi ya kama ta, da asuba ta kasa tashi, shi ne aka sa mata ɗan abin da zai riƙa ba ta ɗumi kafin gari ya waye. Inna ta yi dariya ta ce: “Ashe kasko kuka sa mata. To, ku ce kasko mana.”

Na ji kamar an buɗe taga. Kaskon wuta, wanda take cikawa da garwashi ta tura ƙarƙashin gado a daren hunturu, wanda ake ajiye wa mai jego da tsoho. Da na fassara wa dattijon washegari, ya buga cinya ya ce tsohuwar ta fi mu sanin tarihi. Kafin a ƙirƙiro abin, haka mutanen wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa suke yi: su ɗebo garwashi a faranti su tura ƙarƙashin inji, ko su kwarara masa tafasasshen ruwa, wasu ma su tsiyaye man su kwana da shi a ɗaki. Wani injiniyan lantarki mai suna Andrew Freeman, a garin Grand Forks na Dakota ta Arewa, kimanin kilomita 230 kudu da Winifeg a bakin wannan Jan Kogin, shi ya sa ƙarfen ɗumamawa cikin ɗaya daga kusoshin kan inji, aka ba shi takardar mallakar ƙirƙirar a 1949. Abin da ya yi, mayar da kasko na lantarki ne. Inna, wadda ba ta taɓa ganin ƙanƙara na sauka daga sama ba, ta kama asalin da kalma ɗaya.

Na dawo da wannan a raina fiye da kowace tsaraba. Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, malamai ke zama suna ƙera kalmomi, kuma aikin ya ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, da kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Na zauna a irin waɗannan tarurruka, na ga yadda muke ɗaukar kalmar Faransanci mu feɗe ta gaɓa-gaɓa, mu ɗinka mata rigar Hausa, mu fito da abu mai tsawon zira'i wanda ba mai furta shi sai ranar jarrabawa. Maɗumamin inji ba kuskure ba ne, yana da gurbinsa a littafin fasaha. Amma mun fara daga kalma, Inna kuwa ta fara daga tambayar abin da abin yake yi, da wanda ake yi wa shi. Bakanikena ma daga suna ya fara: da ya ce tarkacen Nasara, bincike ya ƙare, almakashi ya biyo baya. Ni da na tsaya a kansa ina kallo ban fi shi ba, don ni ne aka biya domin in yi tambaya.

Na je na same shi bayan dawowata, na ba shi labari tun daga turaku har zuwa om 36. Ya saurara har ƙarshe, ya ce: “Mushe, wanda bai je gari ba, bai san kan garin ba. Amma a Maraɗi dai ba ta da aiki.” Gaskiyarsa. Sai dai da wata mota ta zo masa da irin wayar, na ga bai yanke ba, ya naɗe ta ya ɗaure a ciki, yana yi wa yaransa bayani.

Yanzu kowace shekara, in hunturu ya shigo, nakan sa guntun wayar a jaka in tafi da shi aji. In ɗora shi bisa tebur, in ce su faɗa mini mene ne. Sukan yi ta harbi a duhu. Sai in ba su labarin garin da motoci ke kwana a turke, in hana su duba ƙamus, in ce kowa ya tafi gida ya bayyana wa kakarsa abin, ya dawo mini da sunan da ta ba shi. Na samu murhun mota, na samu bargon inji, wata yarinya ta kawo ɗumin asuba. Kasko dai ya fi yawan dawowa, daga gidajen da ba su san juna ba.

Kwanan baya Auta ya aiko mini da ɗan hoton bidiyo. Dare ne, ya sa rigunansa na sanyi zai fita, ƴarsa na tsaye a bakin taga da hanci manne a gilashi. Uwarta ta tambaye ta ina Baba za shi. Ta juyo ta ce, da Hausar da ba ta gama nuna ba: “Zai sa wa mota kasko.” Na kai wa Inna ta gani. Ta sa aka maimaita mata sau uku, sa'an nan ta ce Allah ya raya, a gaya wa uban ya riƙa rufe kunnuwansa in zai fita.